Keso: Tarihin Lamba 20,000 a Ƙasar Hausa da Maƙwabtanta

Gabatarwa

Idan baƙo ya taso daga Kano ya sauka a Injamena, babban birnin ƙasar Cadi, ya shiga kanti a unguwar Bololo don sayen sabulu ko sukari, lissafin kuɗi ne zai fara rikita shi. Mai kanti zai ce masa "riyal miya" da Larabcin Cadi, wato riyal ɗari. Baƙo ya lalubo sefa ɗari ya miƙa, sai a dube shi a yi dariya, domin sefa 500 ake nufi. A can riyal ɗaya sefa biyar ce. Mutumin Maraɗi ko Damagaram ba zai yi wannan kuskure ba, don shi ma da irin wannan lissafi ya tashi: dala ɗaya tamma biyar, dala ɗari sefa 500, dala ɗari biyu kuwa jaka guda, wato sefa 1,000.

Riyal da dala da jaka duk ragowar kalmomi ne na wani tsarin kuɗi da ya shuɗe. A wancan tsari akwai wata kalma da ta fi su nauyi, amma ita ba ta yi sa'ar tsira ba, wato keso. Yau in ka ce keso, tsohuwar tabarma za a fahimta. A zamanin da ake ciniki da wuri kuwa, keso na nufin wuri 20,000 da aka ƙunshe wuri guda. Wannan takarda za ta duba lambar nan ta fuskar tarihi da ta lissafi, don a ga abin da ya sa ta yi wa fatake daidai, da kuma inda ta gaza musu.

Wuri da kuɗi

Da farko ya kamata ɗalibi ya san cewa kalmar kuɗi jam'i ce, tilonta shi ne wuri. Wuri ɓawon wata ƙaramar halitta ce ta teku, kuma wanda aka fara kawowa Afirka ta Yamma daga tsibiran Maldif da ke tekun Indiya ya fito. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Kafin ƙarni na 19 ya yi nisa, da shi ake sayen goro da gishiri, da shi ake biyan kuɗin ƙasa da kuɗin karofi.

Wahalar wuri ita ce ƙarancin darajarsa. Guda ɗaya ba ya sayen wani abin kirki, saboda haka ko ƙaramin ciniki sai an ƙirga ɗaruruwa, babba kuwa sai dubbai. Wannan ne ya sa Hausa ta tara kalmomin manyan lambobi masu yawa. Akwai hauya, wato ashirin. Akwai zangu, wato wuri ɗari. Akwai zambar, wadda ake amfani da ita wajen ninka dubu, kamar zambar goma, wato 10,000. Sannan ga waɗanda aka aro daga Larabci: minya 100, metan 200, arbaminya 400, hamsaminya 500, alif 1,000, alfyan 2,000. A bakin 'yan kasuwa, in an ce talata ko arba ko hamsa, dubu uku da dubu huɗu da dubu biyar ake nufi. Ana kuma ragewa daga cikakkiyar lamba da kalmar gaira, a ce metan gaira ashirin, wato 180. Yawancin waɗannan sun kwanta dama. Alif ce kawai ta rage da ƙarfinta, ita ma wajen faɗin shekara, kamar alif ɗari tara da sittin.

Ƙirga a Tasawa

A watan Janairu na 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashen nan da sunan Abdulkarim, ya yada zango a Tasawa, wadda yanzu take cikin jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar. A nan ya tarar ana ƙirga wuri 500,000, kuma ya bayyana yadda ake yi. A bakin teku akan huda wuri a shirya shi a zare, amma a ƙasar Hausa a warwatse yake. Mai ƙirga zai riƙa jan biyar-biyar da yatsu, yana tara tsibi na ɗari biyu, wato hauya goma, ko kuma na dubu. Barth ya ce sarakunan gari sukan sa a ƙunshe wuri 20,000 a cikin jakar saƙa, amma duk da haka ba wanda zai karɓi irin wannan ƙunshi bai kwance ya ƙirga da kansa ba. Aikin na ranar sai da ya ci mutum biyar ko shida bayan mai kuɗin.

Bari mu yi lissafin wahalar. Keso guda ja 4,000 ne na biyar-biyar. Ko da mutum yana yin ja ɗaya a kowace daƙiƙa, ba ya tsayawa shan ruwa, ba ya amsa gaisuwa, sai ya yi awa ɗaya da kusan minti bakwai. Abin da aka ƙirga a Tasawa keso 25 ne, wato ja 100,000, ko tsibi 2,500 na ɗari bibbiyu. Wanda ya yi kuskure a tsakiya kuwa, tsibin da yake kai kawai zai sake, kuma amfanin tara tsibi ke nan.

Me ya sa aka tsaya a 20,000? Dalili na farko nauyi ne. Ƙaramin wuri na Maldif guda 20,000 ya kai kilo ashirin da 'yan kai, wato gwargwadon abin da ɗan dako zai ɗora a ka ya yi tafiyar yini. Ba Hausawa kaɗai suka tsaya a nan ba. Yarabawa suna kiran jakar wuri oke, kuma har yau a harshensu kalmar tana nufin lamba 20,000. Amma nauyi kaɗai bai isa bayani ba, don 18,000 ko 21,000 ma mutum zai iya ɗauka. Sauran bayanin yana cikin ita lambar.

Abin da ke cikin 20,000

Masana lissafi suna da wasu lambobi da ba sa rabuwa da komai sai da ɗaya da su kansu, kamar 2, 3, 5, 7, 11. A nan za mu kira su lambobin tushe, domin kowace lamba daga gare su take fitowa ta hanyar ninkawa. Don a gano tushen 20,000, sai a yi ta raba ta biyu: 10,000, sai 5,000, sai 2,500, sai 1,250, sai 625. An raba sau biyar ke nan, kuma 625 ba ta ƙara rabuwa biyu. Sai a koma ga biyar: 125, sai 25, sai 5, sai 1. An raba sau huɗu. Ashe 20,000 ba komai a cikinta sai biyu guda biyar da biyar guda huɗu. In an ninka biyun sun ba da 32, in an ninka biyar ɗin sun ba da 625, kuma 32 sau 625 shi ne 20,000 cif.

Daga nan ana iya sanin yawan lambobin da ke raba ta ba saura. Wajen ɗaukar biyu, mutum yana da zaɓi shida: ya ƙi ɗauka, ko ya ɗauki ɗaya, har zuwa biyar. Wajen ɗaukar biyar yana da zaɓi biyar. Shida sau biyar talatin. Ga su nan, kowane layi ana ninka shi biyu zuwa dama, ana ninka shi biyar zuwa ƙasa:

1, 2, 4, 8, 16, 32
5, 10, 20, 40, 80, 160
25, 50, 100, 200, 400, 800
125, 250, 500, 1,000, 2,000, 4,000
625, 1,250, 2,500, 5,000, 10,000, 20,000

Ɗalibi ya duba wannan jeri da kyau, zai ga kusan duk kalmomin da muka ambata a sama suna ciki. Ga biyar ta ja ɗaya, ga hauya, ga zangu, ga metan, ga arbaminya da hamsaminya, ga alif da alfyan, ga arba da hamsa. Keso hauya dubu ne, zangu ɗari biyu, metan ɗari, alif ashirin. Ma'aunan wasu ƙasashe ma suna ciki. A bakin teku, wajen Ikko da Dahomi, wuri 40 ne zare ɗaya, zare 50 su ne kai ɗaya na 2,000, kai goma jaka guda. Bambarawa na Segu kuwa, a lissafin wuri, ɗarinsu 80 ce, kuma keso ya ƙunshi irin wannan ɗari har 250.

Amma abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne Barno. Barebari sun daɗe ba sa ciniki da wuri. Kuɗinsu gabaga ne, wato ƙyallen saƙi, da kuma wani tsohon ma'auni da ake kira ratal. Sai a shekarun 1840, zamanin Shehu Umar, wuri ya zama kuɗi a Kukawa, kuma da ya shigo sai aka ɗora shi a kan ma'aunin da aka saba da shi. Barth, wanda ya isa Kukawa a 1851, ya ce wuri 8 ne gabaga ɗaya, gabaga 4 kuma ratal ɗaya. Ratal ke nan wuri 32. To, ga Bahaushe yana ƙirga da biyar da ashirin da ɗari biyu, ga Babarbare yana ƙirga da takwas da talatin da biyu. Dubun Bahaushe ba ta shiga ratal daidai, don ratal 31 ce da saura wuri 8. Zambar goma ma ba ta shiga, ratal 312 ce da rabi. Keso kuwa ratal 625 ne, ba ragi ba ƙari.

Akwai ƙari a kan wannan. Babban kuɗin azurfa na lokacin shi ne dalar Mariya Tariza ta ƙasar Ostiriya, wadda ake bugawa da shekarar 1780 a jikinta ko da yaushe aka buga ta. A Kano a 1851 dala ɗaya wuri 2,500 ce. Idan aka tambayi ɗalibin lissafi ya nemo lamba mafi ƙanƙanta da 2,500 za ta raba ba saura, 32 ma ta raba ba saura, amsar da zai samu ita ce 20,000. Dalili kuwa, 2,500 tana da biyar guda huɗu, 32 tana da biyu guda biyar, sai an haɗa su duka kafin a gamsar da kowacce. Wato falken da ya sayar da turkudi a Kukawa zai iya cewa ratal 625, ko keso guda, ko dala takwas a farashin Kano, duk abu ɗaya yake faɗa. A ganina wannan dace ne, domin jakar 20,000 ta riga wuri shiga Barno, farashin dala kuma kasuwa ce ke yanka shi. Sai dai lambar da ke da masu raba ta da yawa ta fi saurin yin irin wannan dace.

Inda keso ya gaza

Babu uku a cikin tushen 20,000. Hanya mai sauƙi ta gane haka ita ce a tara alƙalumanta: 2 da sifiri huɗu sun ba da 2, kuma uku ba ta raba 2. In an raba keso uku, kowa zai sami 6,666, wuri biyu su rage a ƙasa. In an raba shida, 3,333 ne da saura biyu. Bakwai ma ba ta shiga, saura ɗaya take bari.

Ga ɗan kasuwa wannan ba wani abu ba ne. Ga alƙali mai rabon gado kuwa, magana ce. Kason gado a shari'ar Musulunci shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi, sulusi biyu, da sudusi. Uku na farko suna fita daga keso sumul: 10,000 da 5,000 da 2,500. Tumunin keso, a farashin 1851, dala ɗaya ce daidai. Haka humusi, 4,000, da ushira, 2,000, da ɗaya bisa arba'in na zakka, 500. Amma sulusi da sudusi ba sa fita. A ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya maza. Mata tana da tumuni, uwa tana da sudusi, saboda haka malaman gado sukan kafa lissafin a kan 24. Keso ɗaya ba ya rabuwa 24. Keso biyu ma haka. Sai an kai keso uku, wato 60,000, sannan kowane kaso ya zama 2,500: mata ta ɗauki kaso uku, 7,500, uwa ta ɗauki huɗu, 10,000, 'ya'ya su raba 42,500 da suka rage. Shigowar uku ɗaya tak ta ninka yawan masu raba lambar, daga talatin zuwa sittin.

A nan ƙarancin darajar wuri ya zama rahama. Wuri biyu da suka rage ba abin da za a kai ƙara a kansu ba ne, sai a miƙa wa almajiri. Masu ilmin da za su warware irin wannan lissafi kuwa ba su yi ƙaranci ba. A daidai zamanin da wuri ke shigowa Kano ne Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Katsinawi ya yi rayuwarsa. Ya yi karatu wajen Malam Muhammadu al-Wali na ƙasar Bagarmi, wadda yanzu take cikin Cadi, ya rubuta littafi a kan lissafin hatimi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Da wuri ya yi yawa

Manyan lambobin ba su tsaya a keso ba. Barth ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai aƙalla wuri 300,000,000. Wannan keso 15,000 ke nan, ko dala 120,000. Don a gane girman abin, shi Barth ɗin ya ce wuri 50,000 zuwa 60,000 sun ishi iyali guda ci da sutura na shekara. Keso uku ke nan a sama. Tsohuwar Hausa za ta ce wa miliyan zambar dubu, amma da wuya ɗan kasuwa ya buƙaci faɗar haka, tun da zai iya cewa keso hamsin.

Daga tsakiyar shekarun 1840 'yan kasuwar Hambug na ƙasar Jamus suka fara jigilar wani irin wuri daga Zanzibar zuwa gaɓar Afirka ta Yamma. Ya fi na Maldif girma da nauyi, kuma ya fi shi araha nesa ba kusa ba. Da ya cika kasuwannin kudu sai ya gangaro arewa, darajar wuri ta yi ta faɗuwa. Lokacin da Clapperton ya zo Kano a 1824, dala wuri 2,000 ce, wato keso dala goma. A 1851 keso ya koma dala takwas. A shekarun 1890 dala ta kai wajen wuri 5,000, keso ya zama dala huɗu. Lambar ba ta canza ba, kuma duk farashin nan uku suna cikin jerin masu raba ta. Abin da ya canza shi ne, ɗan dako yana ɗaukar kaya mafi nauyi wanda bai kai rabin darajar na da ba.

Baturen Ingila Charles Robinson, wanda ya zauna a Kano a ƙarshen 1894 da farkon 1895 yana nazarin Hausa, ya ba da labarin dokinsu da ya yi rashin lafiya a hanya. Sun so su sayar, amma suka ga kuɗinsa a wuri sai an ɗauki ƙarin 'yan dako goma sha biyar, kuma ladansu zai cinye abin da suka ɗauko har ya nemi ƙari. In kowannensu keso guda zai ɗauka, dokin wuri 300,000 ke nan. Labarin yana da ban dariya, amma abin da ke bayansa ba na dariya ba ne. Da yake wuri ba ya ɗaukuwa zuwa nesa, azurfa kuma ba ta wadata ba, sai matafiya da masu mulki suka riƙa amfani da bayi a matsayin babban kuɗi, kuɗin da ke tafiya da ƙafarsa har ya ɗauki kaya. Robinson ya bayyana yadda ake yi, mutum ya taso da bayi, ya riƙa sayar da su ɗaya bayan ɗaya a garuruwan da ya yada zango don ya sami guzuri.

Turawan Ingila ne suka kawo ƙarshen wuri a Nijeriya ta Arewa. Daga 1907 suka fito da anini, ɗaya bisa goma na kwabo, don ya maye gurbinsa a ƙaramin ciniki. Sabon kuɗin ya zo da nasa lissafi, kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wato uku ta shigo ke nan. Jaka ta koma fam ɗari, kuma da aka canza kuɗi a 1973, fam ɗaya ya zama naira biyu, sai jaka ta zama naira 200.

Gabas da Barno

Wuri bai ƙetare zuwa Bagarmi a matsayin kuɗi ba. Da Barth ya je Masenya, babban birninta, a 1852, ya tarar da ƙyallen saƙi da riguna ake ciniki, wuri kuwa haja ne da ake kai wa ƙasashen kudu. Ita Injamena ma a lokacin babu ita. Faransawa ne suka kafa ta a 1900 bayan yaƙin Kusuri, inda aka kashe Rabe da kwamandan Faransa Lamy, suka sa mata suna Fort-Lamy, sunan da ta riƙe har 1973. Hausawan da suka zauna a can, fatake da maniyyata masu bin hanyar ƙasa zuwa Makka ta Sudan, sun iske ƙasar da dalar azurfa ke da daraja, kuma Larabawan wurin suna kiranta riyal.

Faransa tana da nata tsabar azurfa na faran biyar, mai kama da dalar Mariya Tariza a girma. Mutane suka ɗora masa sunan da suka sani, a Nijar dala, a Cadi riyal. Da aka ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945, sunan ya bi ta, duk da cewa azurfar ta tafi. Saboda haka ɗalibin da ya je Bololo, ya ji farashi da riyal, sai ya ninka biyar, in kuma shi zai faɗi farashi sai ya raba biyar. Sefa 20,000 a bakin mai kanti riyal dubu huɗu ce, a bakin mutumin Maraɗi jaka ashirin. In kuwa aka ce masa riyal dubu ashirin, to sefa 100,000 zai ƙirgo, takardar dubu goma guda goma.